Kafar Allura

Shekara goma sha tara ina taka keken ɗinki a Wunti,
rabin unguwarmu ni na yi wa kayan Sallah,
amma ran nan zare ya fi ƙarfina.
Na lashi bakinsa, na murza, na saita,
hannuna na kaɗawa kamar ganyen darbejiya.
Kafar allura tana nan inda take,
ni ne na kasa tsayawa.

Ramlatu, 'yar aji huɗu, ta karɓa,
ta zura sau ɗaya, ta miƙo mini, ta koma kan littafinta.
Da kuka ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na sha rubutu, na sha saiwa, na sha faɗan yayana,
duk na kora su da ta Bayan Gari.

Istifanus mai kemis,
da ya gaji da sayar mini da maganin ciwon kai,
ya juya rasit ya rubuta:
Yelwa, bayan firamare, ƙofa mai shuɗin fenti,
Laraba bayan la'asar.
Ya ce, "Ba asibiti ba ne, ba kuma wa'azi. 'Yan'uwanka ne."
Na ce ba ni da kowa a Yelwa.
Ya ce, "Ni ma da haka na ce."

Laraba uku takardar na kwana a aljihu,
har gumi ya cinye rabin rubutun.
Ta huɗu na hau acaɓa,
na sauka tun da nisa, kada ɗan acaɓan ya san sirrina.
Na zaga katangar makarantar sau biyu,
duk ƙofar da na duba, rana ta shanye fentinta.

Na tsaya gaban mai rake.
"Don Allah, ina ake taron..."
Harshe ya maƙale.
"Taron teloli," na ce.
Bai ɗago daga fiƙar rakensa ba.
"Wancan makon wani ya ce na direbobi.
Ga ta can, gindin mangwaro."

Mutum takwas a kan bencin yara,
gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa.
Rifkatu, da ta yi shekara ashirin tana dafa burkutu,
tana ɗanɗanawa har tukunya ta ɗanɗane ta.
Baba Iliya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa,
ya ce ya daina ƙirga kwanaki,
yau kaɗai yake ɗauka, ita ma da hannu biyu.
A kusurwa, wani mai carbi ya sunkuyar da kai.
Ban gane fuskar ba sai da na ga wuyan rigar:
ɗinkina ne.
Mutumin da nake rusuna wa in ya zo karɓar kaya.
Ya matsa, ya ba ni gefen bencinsa.

Shayi ya zagayo, kofi bai isa ba,
muka sha ɗaya ni da shi.

Da layi ya zo kaina
duk jawabin da na tsara a hanya ya watse.
"Sunana Tasi'u.
Tun jiya da azahar ban sha ba."
Na jira dariya.
Sai suka ce, "Sannu da aiki,"
kamar yadda ake ce wa wanda ya dawo daga gona.

Ba zan yi ƙarya ba:
da daddare ƙafata ta tuna hanyarta,
maƙogwaro ya yi ta kiran sunana.
Na kira lambar da Baba Iliya ya rubuta mini a tafi,
muka yi hirar jiragen da suka daina zuwa
har katina ya ƙare.

Da safe hannun bai daina rawa ba.
Ramlatu ta miƙo nata za ta karɓa.
Na ce a'a, riƙe mini wuyan hannu kawai.
Sau shida zare yana lanƙwashewa.
Ana bakwai ya shiga.

Saura kwana shida Laraba.